Zoɓon gida, tazargaden kamfani, ko dashen reshe: wanne mai noman magani zai kama a Daura?

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya ajiye aikin koyarwa bara ya koma gonarsa ta wajen Daberam. Yawancinta jigawa ce, sai ɗan gefen da ya gangara fadama inda yake da 'yar rijiya da injin ban ruwa. Ran nan bayan la'asar ya miƙo mini wayarsa, wani ne a bidiyo yake tallar irin tazargade na waje, yana rantsuwa cewa ƙarfin maganinsa ya ninka na gida sau da yawa. Kawu ya ce, “Kai da ka yi karatun gona, in saya, ko in riƙe zoɓona?” Na ce, “Kawu, a ba ni kwana biyu, amsar ba ta tsaye ba ce.”

Mai tallar bai yi ƙarya a tushen maganar ba. Yawan sinadarin da ke yin magani a jikin tsiro abu ne da ake gado, kuma ana iya ƙara shi ta hanyar zaɓe da haɗa iri. Kwinin da kakanninmu suka sha a asibitocin Turawa shaida ne. Daga ɓawon wata bishiya ta duwatsun Kudancin Amurka ake samunsa, ana kiranta sinkona. A 1865 gwamnatin Holan ta sayi ɗan irin da wani Bature ɗan kasuwa, Charles Ledger, ya samo daga Bolibiya, ta shuka a tsibirin Jaba na Indunusiya. Aka riƙa gwada ɓawon bishiya ɗaya bayan ɗaya, aka ware waɗanda kwinin ɗinsu ya haura kashi 10 cikin 100, aka yi musu aure da gindin wata sinkona mai juriya, kamar yadda muke yi wa mangwaro. Kafin yaƙin duniya na biyu, kusan kashi 90 cikin 100 na kwinin duniya daga Jaba yake fitowa.

To amma Kawu ba gwamnatin Holan ba ne. Hanyoyin da ke gabansa uku ne: ya sayi haɗaɗɗen iri na kamfani, ya zauna ya tace irin da ke gonarsa shekara bayan shekara, ko ya nemi uwa ɗaya mai kyau ya riƙa yankan reshenta yana dasawa. Abin da ke raba gardama tsakaninsu bai wuce tambaya biyu ba: yaya tsiron yake barbara, kuma wa zai biya ka kuɗin ƙarfin da ka ƙara?

Bari in fara da tazargade tunda shi ya tayar da zancen. Sunan nan a kasuwanninmu ya rufe dangi mai yawa, domin jinsin Artemisia ya ƙunshi tsirrai ɗaruruwa, kuma busasshen da ake auna maka a rumfar masu kayan ƙamshi ba lalle ne ya zama wanda ake maganin zazzaɓin cizon sauro da shi ba. Wanda ake nufi shi ne Artemisia annua, ɗan asalin ƙasar Sin. Daga ganyensa wata masaniya 'yar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta suka ware sinadarin atemisinin a 1972, cikin wani shirin bincike da Sin ta fara a 1967, kuma aikin ne ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Sinadarin yana taruwa ne a wasu 'yan ƙananan ƙuraje da ke jikin ganye da fure, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. A tsiron daji kaɗan ne ƙwarai, sau da yawa bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na nauyin busasshen ganye ba. Cibiyar Mediplant ta ƙasar Suwizalan ta haɗa na Sin da na Biyetnam ta fitar da iri mai suna Artemis, wanda ya haura kashi 1. Jami'ar York ta Ingila, da kuɗin gidauniyar Gates, ta fitar da taswirar gadon tsiron a 2010, daga baya ta fitar da Hyb8001r mai kaiwa wajen kashi 1.4.

Kada ƙanƙantar lambobin nan ta ruɗe ka. Tan ɗaya na busasshen ganye mai kashi 0.2 kilo 2 na atemisinin zai bayar, mai kashi 1.4 kuwa kilo 14. Gona ɗaya, taki ɗaya, lada ɗaya ga masu yanka, amma ninki 7. Babu yadda manomi shi kaɗai zai yi wannan tsallen da zaɓen ido, domin atemisinin ba shi da launi, kuma ƙamshin ganyen daga wani mai ne daban, ba ya nuna yawansa. Sai an kai ɗakin gwaje-gwaje an sa a na'ura. Nan ne irin kamfani ya yi wa sauran hanyoyin fintinkau, ban kuwa ɓoye wa Kawu wannan ba.

Sai dai Daura ba ƙasar Sin ba ce. Duk manomin da ya san bambancin gero da maiwa zai gane matsalar nan take. Maiwa ba ta fitar da kai sai rana ta fara gajarta, ko yaushe ka shuka ta. Tazargade ma da tsawon rana yake lissafi: na asalin Sin da zarar hasken yini ya gaza awa 13 da rabi sai ya ɗauka kaka ta yi, ya shiga fure. Mu kuwa muna kan digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya, yininmu mafi tsawo a watan Yuni bai cika awa 13 ba. Idan ka shuka irin da ba na ƙasashen zafi ba, zai yi fure tun yana iya gwiwa, ya daina ganye, alhali ganyen kake nema. Irin da aka haɗa da jinin na Biyetnam ya fi jinkirin fure, shi ya sa ya karɓu a Kenya da Tanzaniya da Yuganda da Madagaska, amma can ɗin ma a tuddai masu sanyi aka fi nomansa. Yana son wata 5 zuwa 6 da danshi, daminarmu kuwa daga Yuni zuwa Satumba ta tattara. In ka ce ka bari sai hunturu ka yi ban ruwa don sanyin, ka faɗa lokacin da yini ya fi gajarta. A Najeriya, Jos da Mambila sun fi kama da gidansa.

Ga kuma ƙwayar kanta. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, giram ɗaya yana ɗauke da fiye da 10,000, sai an cuɗa da yashi ko toka a barbaɗa a saman fangali, a yi reno na makonni kafin dashe. Ba wanda zai kalli wannan garin a ƙullin leda ya ce ga ɗan kamfani ga na tsince. Saye daga mai bidiyo cinikin biri a sama ne. Ko ka dace da na gaskiya, na shekara ɗaya ne. Tazargade ba ya barbarar kansa, sai iska ta kawo masa garin furen wani, saboda haka in ka ajiye iri daga haɗaɗɗen, 'ya'yan za su fito kowa da halinsa, wani dogo wani gajere, wani mai ƙarfi wani lami. A nan karin maganar barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ba ta aiki, sai dai albasa ba ta yi halin ruwa ba. Masu noman masara ta kamfani a Funtuwa da Bakori sun san wannan, kowace damina sai sun koma shago.

Babbar tambayar ita ce mai saye. Masana'anta ce ke tatsar atemisinin daga ganye, a mayar da shi atemita ko atesunet, a haɗa da wani magani na biyu, a samu ƙwayoyin ACT irin su Coartem, waɗanda Najeriya ta mayar magani na farko ga zazzaɓin cizon sauro a 2005. Masana'antar gwada ganyenka za ta yi ta biya gwargwadon ƙarfinsa, kuma farashin duniya ba shi da alƙawari: kilo ya haura dala 1,000 a 2005, shekara biyu bayan nan ya faɗo ƙasa da dala 200, manoma da yawa a Asiya da gabashin Afirka suka watsar. In babu masana'anta, abin da ya rage shi ne sayar da ganyen a matsayin shayi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta yarda a yi maganin zazzaɓin da shayin ba. Dalilinta a fili yake: ƙarfin kowane kofi daban ne, kuma maganin da bai kashe ƙwayar cuta duka ba koya mata juriya yake yi. An riga an ga wannan juriyar a Kambodiya, sannan a Ruwanda da Yuganda da Iritiriya. Mun tuna yadda tazargade ya yi tashe a 2020, lokacin da shugaban Madagaska na wancan lokaci, Andry Rajoelina, ya fito da ruwan maganin korona. Tashen ya wuce, kuma gona ba a shuka ta don tashe.

Yanzu zoɓo, wanda Kawu ya ambata kamar yana jin kunyarsa. Ni kuwa a wurina shi ne ɗan lelen wannan lissafin, saboda wata baiwa guda: furensa yakan barbari kansa tun kafin ya buɗe sosai, ƙwari ba su cika samun damar cakuɗa shi ba. Gurguzun da ka ɗiba daga uwa ɗaya zai fito da kamanninta kusan sak. Gonar zoɓon da muka gada kuwa taron dangi ce, akwai ja, akwai mai duhu kamar baƙi, akwai mai ratsi, har da fari na miya, duk a kunya ɗaya. Aikin mai zaɓe shi ne ya raba su.

Baiwa ta biyu ita ce sinadarin ana ganinsa. Jan launin nan sunansa antosayanin, kuma yana cikin abubuwan da masu bincike ke dangantawa da ɗan saukar da hawan jini da aka gani a gwajin masu shan zoɓo. Gwargwadon duhun zoɓo, gwargwadon yawansa. Kenan ɗakin gwajinka na farko kofunan gilashi ne: ka auna busasshen zoɓo nauyi ɗaya daga kowace uwa, ruwan zafi awo iri ɗaya, lokacin jira iri ɗaya ga kowa, ka jera su a kan farar takarda ka duba. Kada a sa lemon tsami ko kanwa, domin tsami yana ƙara hasken jan, kanwa kuma tana juya shi. Gwajin ba zai ba ka lamba ba, amma zai jera maka su daga na gaba zuwa na baya, kuma abin da mai zaɓe ke buƙata kenan.

Ga yadda aikin ke tafiya. A shekarar farko, wajen Oktoba da zoɓo ya fara kama jiki, ka zaga gona ka ɗaura tsumma a gindi 40 ko 50 da suka fi duhu da kauri da yawan 'ya'ya. A nan mutane ke faɗawa rami. Tsiron da ke ƙarƙashin gawo, ko kusa da suri, ko inda shanu suka kwana da rani, ko a bakin iyaka inda ba mai takura masa, zai fi kowa kyau, amma kyan na ƙasa ne, ba zai bi gurguzu ba. Ka zaɓi wanda ya fi maƙwabtansa a wuri ɗaya. Ka girbe kowanne daban, ka yi gwajin kofi, ka rage su zuwa 20. A shekara ta biyu kowace uwa ta samu kunyarta, a ƙasa iri ɗaya, shuka rana ɗaya. Wannan shekarar ce alƙali: kunyar da ta fito bai ɗaya da duhunta gado ne, wadda ta koma gama-gari ka san taki ne ya yi mata ado bara. Ka riƙe 4 ko 5. A shekara ta uku ka yawaita su, can nesa da sauran zoɓo. Wani masani ɗan Denmak, Wilhelm Johannsen, ya bayyana wannan hanya a 1903 da gwajin wake, amma tsohon da ke ware manyan zangarniyoyi ya rataye a rumbu don iri ya riga shi rabin aikin. Abin da Johannsen ya ƙara shi ne raba 'ya'yan kowace uwa.

Shi ne kuma ya nuna iyakar hanyar: ba za ka samu abin da babu shi a taron ba. Da zarar iri ya tace, ƙarin zaɓe ba ya ƙara kome. Saboda haka tun farko a faɗaɗa taron. Kasuwar Mai'aduwa tana tara kayan Nijar ta Kwangwalam, Maigatari cibiyar zoɓo ce, kuma duk wanda ke da dangi a Magarya ko Matamaye ya roƙi tafin hannu na gurguzu. A kuma lura cewa duhu ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. Wani mai duhun ƙanana yake haifa, wani yana da ƙaiƙayi, mata da yaran da ke ɓara za su tsine masa, wani kuma yana jinkirin nuna har ƙasa ta bushe. Buhu nawa ka samu yana nan a lissafi.

Kuɗin wannan hanya tsumma ne da littafi da haƙurin shekara uku. Kasuwarta kuma a shirye take: dillalan Dawanau suna tara zoɓo ana fitar da shi har Meziko, kuma mai duhu mai tsabta shi suke fara ɗauka. In farashin waje ya faɗi, mai sayar da zoɓon sha a ƙofar makaranta tana nan, ganyen ya shiga miyar sure, gurguzun da ya rage a yi daddawar batso. Tazargade in masana'anta ta ƙi shi, ko akuya ba ta marmarinsa.

Hanya ta uku, dashen reshe, ita ce mafi sauri. Reshe ba ɗa ba ne, uwar ce da kanta aka raba, saboda haka duk ƙarfin da ke jikinta yana nan, ba jiran shekara uku. Na'a-na'a haka ake yaɗa ta da jijiya, kuma da wannan ne cibiyar binciken tsirran magani ta CIMAP da ke Lakno a Indiya ta baza ire-ire irin su Kosi, masu yawan mental, sinadarin da ke ba na'a-na'a sanyinta, har Indiya ta zama kan gaba a duniya wajen man na'a-na'a. Zogale ma yana kamawa daga reshe, kuma tunda ƙudan zuma na cakuɗa furensa, reshe ne hanyar riƙe bishiyar da ka yaba. Sai dai na reshe ba ya yin doguwar saiwa irin ta na ƙwaya, gara tana samunsa da sauƙi, iskar farkon damina tana kayar da shi. A kula kuma da zogalen PKM-1 da ake tallatawa: jami'ar aikin gona ta Tamil Nadu ta fitar da shi a 1989 domin yawan 'ya'ya, tunda Indiyawa ɗanyen kwanson suke dafawa. Saurin girma gare shi, amma ba don ƙarfin ganye aka tace shi ba.

Haɗarin dashe shi ne gona ta zama mutum ɗaya. Cutar da ta iya da tsiro ɗaya ta iya da duka, kuma tana bin dashen daga gona zuwa gona. Cittar kudancin Kaduna kusan iri biyu ce, tafin giwa da yatsun biri, duka ta saiwa ake yaɗa su, kuma a 2023 cutar ruɓa ta share gonaki a Kachiya da Kagarko da Jaba. Mai dashe ya riƙe uwa 3 ko 4 daban-daban, kada ya tsaya kan ɗaya kome kyanta. Tazargade ma ana iya yankan reshensa don kauce wa sayen iri, amma sai ka raya uwayen cikin zafin Afrilu ba tare da sun yi fure ba, wanda aiki ne na mai rumfar reno da ruwa a wadace.

Akwai sauran dabaru, kamar ninka ƙwayoyin gado da sinadarin kolcisin, wanda aka yi wa furen kamomil a Turai, da renon tsiro a kwalba, da koya wa yis yin mafarin atemisinin, wanda kamfanin Sanofi ya fara sarrafawa a Italiya a 2013. Waɗannan aikin cibiyoyi ne irin su cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru da ta binciken magunguna ta NIPRD a Abuja. Rabon manomi a ciki shi ne ya kai samfuri. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta tarayya ta Dutsin-ma suna da sassan kimiyyar sinadarai da na tsirrai, kuma ɗaliban ajin ƙarshe kullum neman abin da za su gwada suke yi. Ƙulli 5 na zoɓo masu lamba da tarihin gona kyauta ce a wurinsu.

Wani abu da Kawu bai tambaya ba amma na gaya masa: ƙarin ƙarfi yana canza awo. Mai maganin gargajiya da tafin hannu yake aunawa, kuma awon ya gaje shi ne a kan ganyen da ya saba. Ka ba shi filasko mai ninkin ƙarfi bai sani ba, mai neman wankin ciki ya kwana a bayan gida da murɗa. Zoɓo mai kauri ma, wanda ke shan ƙwayar hawan jini da mai juna biyu su tambayi likita kafin su mayar da shi ruwan sha. Duk wanda zai ƙulla a leda ya kira shi magani, sai ya bi ta NAFDAC. Sannan rabin abin da ka tara a shekara uku yana iya tafiya a kwana uku na shanya: zoɓon da aka baza a ƙasa ko bakin kwalta ya daɗe a rana yakan koɗe ya kwashi yashi, ganyen zogale da na'a-na'a kuwa inuwa mai iska suke so.

Da na koma bayan kwana biyun, na ce, “Kawu, jigawar a bar wa zoɓo, mu fara zaɓe bana. Gefen fadama a yi fangali 4 na na'a-na'a daga gidaje daban-daban, zogalen bayan ɗakin Inna kuma a yanki reshensa a zagaye rijiya. Tazargade sai ranar da wani ya zo da takardar yarjejeniya, da irin daga hannunsa, da farashi a rubuce. Ko a ranar ma, fangali ɗaya za mu fara, mu ga a wane tsawo zai yi fure.”

Ya yi shiru yana juya wayar, sannan ya ce ai tsohon rawaninsa ja yana nan a ƙasan akwati, zai isa tsumma 50 in an yayyanka shi sirara. Ya kuma ce in nemo masa littafi mai layi, na rajista, irin wanda ya saba kiran suna da shi.